Darasin Wata: In Tsohuwar Motar Soja Ta Ƙi Tashi

Zariya garin soja ne tun da daɗewa. A 1924 aka kafa makarantar horar da kuratan soja a garin. Ga kuma barikin Basawa kusa da Palladan. Idan motar soja ta tsufa, akan yi gwanjonta, farar hula su saya. Irinsu Mercedes da Steyr, waɗanda aka taɓa haɗawa a Inugu da Bauci, sukan koma dakon masara da itace da tumatir.

Motocin suna da ƙarfi, amma da asubahin hunturu sukan ƙi tashi. Lokacin ne kuwa tumatirin fadama yake nuna. Idan mota ta kwana biyu a tsaye da kwanduna a bayanta, wahalar manomi ta tafi a banza.

Injin gas ba shi da filogi mai ba da wuta irin na injin fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya fesa gas a cikinta ya kama. Saboda haka abu uku yake bukata: ya juya da sauri, gas ya iso, zafi ya samu.

Direba ya fara da kunne. Idan ya murza makulli ya ji inji yana juyawa da ƙyar, batir ne abin dubawa. Yawancin motocin soja batir biyu gare su, kowane mai bolt 12, a haɗe su ba da 24. Ɗaya ya mutu, ɗayan ba zai iya shi kaɗai ba. A duba kan batir. Farin garin nan da ke taruwa a kai yana tare wuta. A kankare shi, a ɗaure waya tam. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15. A huta minti ɗaya ko biyu, don kada sitata ta ƙone.

Idan inji yana juyawa sosai amma bai kama ba, yaron mota ya tsaya ya dubi bakin salansa. Hayaƙi ba ya ƙarya. In babu hayaƙi ko kaɗan, gas bai isa inji ba. Sau da yawa iska ce ta shiga bututun mai. Tsohon tiyo yakan tsage, ya sha iska cikin dare, gas ya koma tanki. Irin wannan tsaga ba lalle ta ɗiga ba, shi ya sa take wahalar gani. Akwai ɗan famfon hannu a jikin injin. A sassauta ƙusar da ke saman filta, a yi ta danna famfon. Da fari kumfa za ta fito. A ci gaba har gas ya fito zalla, sannan a ɗaure. In gobe ma sai an sake yin haka, to a canza tiyon.

Filta kanta tana toshewa da datti da ruwa. Gas ɗin galan na bakin titi shi ya fi kawo wannan, wani ma an sirka shi da kananzir, mai cinye famfon inji. Arhar nan tana da tsada. Cika tanki da yamma yana rage raɓar da ke taruwa a cikinsa.

Farin hayaƙi kuwa yana nufin gas ya iso amma bai kama ba, wato zafi ya yi kaɗan. Wasu injuna suna da hita, wasu babu. Mai hita ya kunna ta ya jira kafin ya murza. In an yi haka bai yi ba, wataƙila ringi ya cinye ko nozul ya lalace. Wannan aikin bakanike ne. Kada kowa ya sa hannu a bakin nozul, domin ƙarfin feshin yana huda fata.

Wasu sukan jiƙa tsumma da fetur su kara a bakin iska. Motar takan tashi, amma dabarar tana fasa ringi, tana kuma iya tayar da gobara, balle idan hita tana kunne.