Darasi Ga Masu Masana'antu: Busasshen Giris Da Ribar Da Ke Cikinsa

A shekarar 1966, wani kwamiti da Gwamnatin Birtaniya ta naɗa ƙarƙashin jagorancin Peter Jost ya ƙiyasta cewa masana'antun ƙasar za su iya tsimin Fam miliyan 515 a kowace shekara, muddin suka kula da yadda ƙarafan injuna ke gugar juna suna cinyewa. Darasinmu na yau ya shafi wani ɓangare na wannan asara, wato wadda zafi ke jawowa.

Baƙin mai da giris na yau da kullum suna da iyaka. Da zarar zafi ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, akasarinsu kan tsinke ko su ƙone, boris ya kama, aiki ya tsaya. Ke nan masana'antun da ke aiki da wuta, kamar na siminti a Obajana, Ashaka da Sakkwato, inda ake gasa dutse a kan digiri 1,450, tilas su nemi mafita.

Mafitar ita ce busasshen giris. Mafi shahara shi ne garafayit, wato baƙin da ke cikin fensir. Halittarsa falle-falle ce, kowane falle na zamewa a kan ɗan'uwansa, don haka yake sa ƙarfe santsi. Da dunƙulensa ake goge zoben ƙarfen da murhun siminti ke juyawa a kai. Sai dai yana buƙatar ɗan laima a cikin iska, kuma yakan fara ƙonewa a wajen digiri 500. Akwai kuma haɗin molibdenam da farar wuta, mai ɗaukar nauyi ƙwarai, amma iska na ɓata shi daga wajen digiri 400. Teflon kuwa bai wuce digiri 260 ba.

Tun da kowanne na da nasa rauni, sai injiniyoyi suka koma ga gauraya su da ƙarfe, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Misali, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ƙera wani shafe mai suna PS304, wanda ke aiki har digiri 650. Kashi 60 cikin 100 nasa haɗin nikel da kuromiyam ne, don ƙarfi. An zuba azurfa kashi 10 domin santsi tun inji bai yi zafi ba, da wasu gishirai kashi 10 masu karɓar aiki idan zafi ya tsananta. Ragowar kashi 20 maganin cinyewa ne.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, waɗannan kaya suna da tsada, kuma da kuɗin waje ake sayo su. Amma fa araha ba ta ado. Kafin ka saya, sa injiniyanka ya auna zafin wurin, da nauyin da ƙarfen ke ɗauka, da laimar iskar wurin. Sannan ka kwatanta farashin da abin da za ka rasa idan injinka ya yini a tsaye, ma'aikata na cin albashi, banki na lissafin ruwa.