Ƙarfi da Motsi: Darasi Daga Hanyar Sabon Wuse

Duk wanda ya tsaya bakin babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna a Sabon Wuse, zai ga motoci suna wucewa dare da rana. A tafiyarsu akwai darasin kimiyya wanda ya kamata jama'a su sani.

A shekarar 1687 wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa don kansa, sai wani ƙarfi ya tsai da shi. Shi ya sa in direba ya taka birki ba zato, fasinja yakan tuntsura gaba. Mota ta tsaya, jikinsa bai tsaya ba. Amfanin ɗaura bel ke nan. A lura kuma, in gudu ya ninku sau biyu, tazarar da birki ke bukata takan ninku sau huɗu.

Akwai kuma motsin kai da komo, irin na lilon yara. Haka sifirin mota yake. In mota ta faɗa rami, sifirin yakan lotsa, sa'an nan ya yunƙura zuwa mazauninsa. Gwargwadon lotsawar, gwargwadon ƙarfin yunƙurin. Amma ba ya tsayawa nan, sai ya zarce, ya sāke komowa. Aikin shokazoba shi ne kashe wannan rawa. In ta lalace, mota za ta yi ta tsalle, taya kuwa in ba ta kama kwalta ba, birki ya zama banza.

Direba ya danna kusurwar motarsa da ƙarfi, ya saki. In ta ci gaba da rawa, sai a nufi wurin makaniki.