Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Gano Matsala Idan Shafin Intanet Na Kamfani Ya Tsaya

Minna — Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Minna a 1983, unguwar Bosso ta zama matattarar masu shagunan buga takardu da sana'ar kwamfuta. Bayan da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, harkar ta ƙara bunƙasa, har wasu daga cikin masu shagunan suka shiga gina wa makarantu masu zaman kansu da kantunan magani shafukan karɓar kuɗi da na rajista. Irin wannan shafi idan ya tsaya a makon biyan kuɗin makaranta, asarar a kan mai kamfani take faɗawa, ko da kuwa wani ya ɗauka ya gina masa.

Wajibi ne ɗan kasuwa ya fahimci cewa shafin da ke nuna farashi ko sakamakon ɗalibi ba ajiyayyar takarda ba ce. A duk lokacin da mai ziyara ya nema ake haɗa shi. Buƙatar takan isa ga uwar garke ta gaba, kamar Apache ko Nginx, ita kuma ta miƙa ta ga manhajar da ke gudanar da aikin, misali Tomcat, sa'an nan wannan ta ɗauko bayanai daga rumbun ajiya irin su MySQL. Saboda haka tambayar farko ga ma'aikaci ita ce: a wane mataki daga cikin ukun nan buƙatar ta maƙale?

Lambar da ta fito a allo takan nuna hanya. Lamba 404 tana nufin an kai ga uwar garke amma ba ta sami abin da aka nema ba. Lamba 502 ko 503 galibi tana nuna cewa uwar garke ta gaba tana aiki, amma ta baya ba ta amsawa. Wannan ya zama ruwan dare bayan ɗaukewar wuta, domin na'ura takan tashi da kanta amma Tomcat ko rumbun bayanai su kasa tashi idan ba a saita su haka ba, ko kuma wata manhaja ta riga ta mamaye ƙofa mai lamba 8080 wadda Tomcat ke amfani da ita. Lamba 500 kuwa tana nufin manhajar ta fara aiki ta ci karo da kuskure, kuma bayaninsa yana cikin kundin rahoto, wanda a Tomcat ake samu a jakar logs. Ma'aikacin da ya kashe na'ura ya sake kunnawa ba tare da ya karanta wannan kundi ba, jinkirta matsalar kawai ya yi.

Akwai wata cuta da ke rikita masu kamfani ƙwarai, wato shafi ya yi aiki lafiya duk yini, amma mai ziyara na farko da safe ya ci karo da kuskure. Dalili shi ne MySQL, bisa saitin da ya zo da shi, yana yanke duk wani haɗi da ya yi sa'o'i 8 ba a yi amfani da shi ba, alhali manhajar tana zaton haɗin yana nan. Maganinta shi ne a saita manhajar ta gwada haɗi kafin ta yi amfani da shi. Har ila yau, tsarin haɗi da rumbun bayanai da Tomcat ya zo da shi haɗi 8 kawai yake bari a lokaci guda idan ba a ƙara ba. Wannan ya ishi kanti a ranar da ba kowa, amma ba zai ɗauki iyaye masu yawa da suka taru a ranar ƙarshe ta biyan kuɗi ba. Idan kuma manhajar ba ta mayar da haɗi bayan ta gama, ko an ƙara adadin zai ƙare.

Sabunta manhaja ma yana da nasa haɗari. Daga Tomcat 10 da aka fitar a 2021, an canza sunayen sassan da shafukan Java suka dogara da su daga javax zuwa jakarta, don haka aikin da aka rubuta wa Tomcat 9 ba zai tashi a kan na 10 ba sai an juya shi. Gidauniyar Apache ta tanadi kayan yin juyin kyauta, kuma bai kamata a cajin mai kamfani kuɗin sabon gini a kan wannan ba.

Abin da ya fi shafar masu hulɗa da Hausawa shi ne haruffa. Tsohon tsarin ISO-8859-1, wanda shafukan JSP ke komawa gare shi idan ba a faɗi wani ba, bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, bai kuma san alamar naira ba. Shi ya sa ake ganin alamar tambaya a tsakiyar suna a kan rasidi. Dole a sa UTF-8 a shafi da haɗi da rumbun bayanai gaba ɗaya, kuma sunan da ya riga ya shiga rumbu da alamar tambaya ba ya gyaruwa sai an sake shigar da shi. Haka nan, uwar garken da aka yi haya a ƙasar waje sau da yawa tana bin agogon GMT, wanda Nijeriya ta riga da sa'a ɗaya, sai cinikin da aka yi tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya ya faɗa lissafin jiya.

Bayan an gama gyara, a tabbata an rufe saitin da ke nuna cikakken bayanin kuskure ga jama'a, domin yakan tona sunayen fayiloli da na rumbun bayanai, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan abokan ciniki a kan kamfanin da ya tattara su.