Darasi na 8: Kuɗin Jami'a, Mu Yi Lissafi Tun Kafin a Cike Fom

Wannan darasi na masu 'ya'ya a ajin ƙarshe na sakandare ne, amma wadda nata yake aji ɗaya ma ta matso kusa, don kuɗin jami'a ba a wata guda ake haɗa shi ba. Tun ran gini, ran zane.

Tambayar da aka fi yi mini a ƙungiyoyi ita ce, "Wace jami'a ce ta fi arha?" To, amsar a taƙaice, ta gwamnati ce. Sai dai tambayar ba ta cika ba. Arhar shekara ɗaya ake nufi, ko ta duk shekarun? Kuma in yaro ya gama, me takardar za ta kawo gida? Waɗannan biyun za mu auna yau.

Jami'o'in gwamnati iri biyu ne, na tarayya da na jiha. Masu zaman kansu mu ajiye su gefe, ba na aljihunmu ba ne. A na tarayya, kowa ya san Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri. Su ake rububi, shi ya sa samun gurbi a cikinsu yake da wuya. Amma akwai sababbi da yawancinmu ba mu kula da su ba: ta Dutse da ta Dutsin-Ma da ta Kashere, an buɗe su a 2011, sai ta Gusau da ta Birnin Kebbi da ta Gashuwa a 2013. Digirinsu digiri ne, kuma wanda ya gama zai je bautar ƙasa kamar kowa. Ku kuma sani cewa jami'ar tarayya ba da maki kaɗai take ɗiba ba. Kashi 45 na gurabe na waɗanda suka fi maki ne, kashi 35 na 'yan yankin da take, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Ma'ana, yaron da ya zaɓi ta kusa da gida ya fi samun dama a kan wanda ya hango ta nesa don suna.

Na jiha kuma, irin su Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, da Aliko Ɗangote a Wudil, ɗan asalin jihar ya fi baƙo sauƙin kuɗi. Don haka a nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun da wuri. Kada kuma a yi lissafi da abin da ɗan maƙwabciya ya biya shekara uku baya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 makarantu da dama suka ƙara kuɗi. A sa yaron ya duba na bana a shafin makarantar na intanet, ko a tambayi ɗalibin da yake ciki yanzu.

Kuɗin da ba a rubuta a takarda ba

Nan ne fa iyaye suke faɗawa. Ana jin kuɗin rajista sai a ce ai da sauƙi, a sayar da akuya biyu a biya, a ɗauka an gama. Wallahi ba a ma fara ba.

Kafin shiga, akwai kuɗin WAEC ko NECO, da fom ɗin JAMB, wanda ba a cike shi sai da lambar NIN, da kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, da tantancewar da jami'ar kanta take yi, sannan kuɗin karɓar gurbi. Bayan shiga kuma, rajista duk shekara ce. Ga ɗakin kwana, wanda na cikin makaranta ba ya isar kowa, saura sai haya a gari. Ga kuɗin takardun lakca, da data, da waya mai intanet, don yanzu sanarwa da rajista duk ta nan ake yi. A shekarar ƙarshe ga firojet.

Amma babban abin da yake cin kuɗi shi ne ciki da mota. Lokacin da nake karatun difloma, abin da na kashe a abinci da zirga-zirga ya wuce kuɗin rajista nesa ba kusa ba, kuma ba wani cin daɗi nake yi ba. A nan mu mutanen karkara muke da wata dama da ba ma lissafa ta. Muna da gero, muna da wake, da man gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da yaji, da kuka. In makarantar tana kusa, ranar kasuwa sai a ɗaura ƙullin a ba direba, kafin la'asar ya isa. In tana can wata uwa duniya kuwa, duk loma sai an saya, kuma zuwa gida hutu sau biyu ko uku a shekara ma wani jari ne. Sai ki ga makarantar da rajistarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta fi tsada in an haɗa jimla. Ga 'ya mace kuma akwai abin da ya fi kuɗi: lafiyar hanya, da inda za ta kwana, da ko akwai ɗan uwa a garin da zai leƙa ta in ba ta da lafiya. Ni dai a ganina, in maki ya ba da dama, ta kusa ita ce gaba.

Duk abin da kika samu na shekara ɗaya, sai ki ninka shi da yawan shekarun kos ɗin. Yawancin digiri shekara 4 ne. Injiniya da aikin gona da aikin jinya da lauya shekara 5 ne, kuma lauya sai ya ƙara makarantar lauyoyi. Likita shekara 6. Sannan a bar sarari saboda yajin aiki. A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ba karatu, amma kuɗin hayar masu zama a gari bai tsaya ba.

Me takardar za ta kawo?

Arha ba ta ado. Kos ɗin da aka shiga don kawai shi aka samu, aka yi shekara huɗu ana sayar da dabbobi, yaro ya dawo yana zaman kashe wando, ai ba arha ba ne. Ki zauna da ɗanki ko 'yarki ku duba ƙaramar hukumarku: wa kuka sani yana cin abinci da wannan karatun? A ina yake aiki? In gwamnati ba ta ɗauka ba, zai iya buɗe nasa?

A garuruwanmu kowa ta san ƙarancin mata ma'aikatan lafiya. Mace nawa ce ta ƙi zuwa awo don namiji ne zai duba ta? Aikin jinya, ungozoma, gwaje-gwajen asibiti, haɗa magunguna, waɗannan suna da lasisi, kuma mai lasisi ba ya rasa inda zai tsuguna. Haka malamin lissafi da kimiyya da Turanci, da likitan dabbobi. Ban ce sauran karatu ba shi da daraja ba, a dai shiga da ido biyu, an san hanyar da zai ɓulle.

Wannan zaɓin kuma tun aji huɗu na sakandare ake yin sa. Wadda take son jinya dole ta kasance a ɓangaren kimiyya. Jami'a tana neman kiredit biyar, har da Turanci, da kuma lissafi a yawancin kwasa-kwasai. In babu su, duk kuɗin JAMB asara ne, gara a fara gyara sakamakon.

A tabbata kuma hukuma ta amince da kos ɗin a wannan makarantar. Ta jami'o'i ita ce NUC. Na ga gidan da aka sayar da sa aka kai yarinya wata makarantar lafiya da aka buɗe a gidan haya, ta yi shekara biyu, aka ce ba za ta zauna jarrabawar lasisi ba don makarantar ba ta da rajista. Uwar har yau in ta tuna sai ta yi hawaye.

Kuma ba dole sai an faro daga jami'a ba. NCE shekara 3 ce, difloma shekara 2, ga kwalejojin jinya da na kiwon lafiya na jihohi. Mai NCE ko difloma da sakamako mai kyau zai iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, wani lokacin ma yana ɗan aikinsa yana taimakon kansa. Ba zan ɓoye muku ba, a aikin gwamnati har yanzu ana fifita mai digiri a kanmu. Amma ga gidan da yake da yara uku a jere, wannan tsanin ya fi ɗaukuwa.

Ina kuɗin zai fito?

Tun 2024 gwamnatin tarayya tana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance ta hukumar NELFUND. Babu ruwa a kai. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ana kuma iya neman naira dubu 20 duk wata na ɗawainiya. Biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 daga abin da mutum yake samu. Bashi ne fa, ba kyauta ba, yaron ya san da haka. Kuma sai an samu gurbi ake nema, don haka kuɗin farko daga gida zai fito. Jihohi ma suna da hukumar tallafin karatu. A cike fom ɗin, amma kada a ɗora tukunya a kansa, don yakan makara.

Rancen akwatinmu kuwa na wata uku ne, an yi shi don sana'ar da take juyawa. Zai iya tare ki in kuɗin karɓar gurbi ya taso ana sauran kwana kaɗan a rufe, kuma kin san amfanin gona yana tafe. Amma wadda ta ce da shi za ta riƙe karatun shekara huɗu, za ta karye, ta kuma ja ƙungiya. Abin da ya dace shi ne rabon ƙarshen zagaye: a ƙara hannun jari kaɗan duk mako da niyyar karatu, in an raba a sa a tunkiya ko buhun hatsi, a sayar lokacin rajista. Gona da keken ɗinki da injin markaɗe kada a taɓa su, su ne za su biya shekara ta biyu da ta uku.

Gurbin karatu ba a sayar da shi. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa yaro, ki riƙe kuɗinki. Gurbin gaskiya a shafin JAMB yake fitowa, yaron da kansa zai gani ya karɓa. Kuɗin makaranta ma a banki ake biya da lambar da makarantar ta fitar, ba a asusun wani mutum ba, kuma a adana rasit.

Kafin zama na gaba, kowace mai ɗa ko 'ya a babbar sakandare ta sa a rubuto mata makarantu biyu da kos ɗin da ake so, da kuɗin rajistar bana, da kuɗin mota zuwa da dawowa, da shekarun karatun. Wadda ba ta rubutu, yaron ya rubuta, ko magatakardar ƙungiya ta taimaka. Ku zo da takardun, bayan an rufe akwati za mu zauna mu ninka tare, mu ga hannun jari nawa kowa za ta ƙara a mako.