Asembila yana gaskata duk abin da kuka faɗa masa

'Ya'yana masu koyon aiki a kan manyan kwamfutocin IBM, ku matso kusa. A tsarin System/360, wanda ya fito a 1964, umarnin da ke taɓa ma'ajiya ba ya ɗauke da cikakken adireshi. Abu biyu yake riƙewa: lambar rajista ɗaya daga cikin 16, wadda ita ce tushe, da tazara mai bit 12, daga 0 zuwa 4095. Inji ya haɗa su, ya isa wurin. Kamar kwatancen gida ne a unguwa: daga masallaci, ƙofa ta biyar. In aka saɓa masallacin, ƙofar wani za a buga.

Asembila ne ke lissafa tazarar, amma bai san abin da ke cikin rajista ba sai abin da kuka faɗa masa. Idan kun rubuta USING *,12, ba ku zuba komai a rajista 12 ba, ko bayit ɗaya layin nan ba ya haifarwa. Alkawari kawai kuka ɗauka, shi kuwa ya yarda ba tare da bincike ba. Cikawar tana wuyanku: BALR 12,0 ya gabata, ya ɗora adireshin umarni na gaba a rajista 12, USING ya biyo shi nan take. Kun cusa wani umarni a tsakaninsu, kowace tazara ta goce, kuma asembila ba zai ce uffan ba. Sai shirin ya tashi aiki ya karanta inda bai kamata ba. Shirin da ya faɗi da kuskuren S0C4 ma ya yi sa'a, don wani shirin haka zai yi ta ɓarna shiru.

Idan rajista biyu suka iya kaiwa wuri ɗaya, asembila yana zaɓar mai ƙaramar tazara, in sun yi kunnen doki ya ɗauki mai babbar lamba. Shi ya sa nake roƙonku, da kun gama da rajista ku sallame ta da DROP, kada ya ci gaba da dogaro da ita bayan kun ba ta wani aiki. Rajista 0 kuwa, inji yana ɗaukarta babu ce a matsayin tushe.

Shiri ya wuce bayit 4096, za ku ga ƙorafin asembila, don tazara ba ta wuce 4095. Kada ku yi gaggawar ƙara tushe na biyu da na uku, rajistocin ba su da yawa, kuma 1, 13, 14 da 15 al'ada ta riga ta ba su aikin kira da komowa. Sau da yawa raba shirin ya fi.