Wa ke biyan kuɗin magani?

A da, in mutum ya je gidan likita a Madawa, ko Buza, ko Kaita, ba a karɓar masa kuɗi. Gwamnati ce ke sayen magani. Amma sau da yawa maganin yakan ƙare tun wata bai yi nisa ba. Sai likita ya rubuta takarda, ya ce a je a saya. Mai kuɗi ya saya, talaka ya koma gida da takardarsa.

A shekara ta 1987, ministocin kiwon lafiya na ƙasashen Afirka suka taru a Bamako. Suka ce jama'a ta riƙa biyan wani abu kaɗan, don kada magani ya yanke.

A 1993 Nijar ta gwada hanya biyu. A Sayi, marar lafiya kaɗai ke biya: babba dala 40, yaro ƙarami dala 20. A Boboye kuwa, kowane mai biyan haraji yana ƙara dala 40 a shekara, ko lafiyarsa lau. Ran da ciwo ya kama shi, dala 10 kawai zai ba da. Wannan ita ce dabarar inshora: masu lafiya suna ɗaukar wa marar lafiya kaya, kamar gayya a gona. A Boboye talakawa da mata suka ƙara zuwa gidan likita. Duk da haka, hanyar Sayi ce ta bazu cikin ƙasa bayan dokar 1995.

Magani ya samu, amma uwa da yawa takan tsaya gida da ɗa mai zazzaɓi, tana jiran maigida ya sayar da albasa ko akuya. Kafin kuɗi su zo, ciwo ya yi ƙarfi.

Saboda haka a 2005 gwamnati ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa. A 2006 ta ɗauke na awon ciki da na yara ƴan ƙasa da shekara 5. Gidajen likita suka cika da goyo. Kyautar nan fa ba daga sama take faɗowa ba. Likita yana duba yaro, ya rubuta, ya aika wa gwamnati lissafi, ita kuma ta biya. Biyan ya riƙa makara, wani lokaci fiye da shekara, sai ɗakin magani ya koma wayam.

Akwai kuma kuɗin man mota. A gundumar Kaita aka kafa asusu: mai zuwa gidan likita ya ƙara dala 20. In haihuwa ta gardama cikin dare, da kuɗin nan aka riƙa kai mace babban asibiti.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin hanyar Sayi da ta Boboye?
2. Mutum 150 sun zuba dala 20 kowane. Jika nawa ke nan?
3. Ku tambayi iyayenku abin da suka biya ran da suka kai ƙanenku gidan likita.