Daga Kaduna Zuwa Ikko Ta Sama

Ɗalibai masu shirin fita gwajin koyarwa, ga wani lissafi da na kan ba 'yan aji. Ku sami taswirar Nijeriya da zare. Ku miƙe zaren daga Kaduna zuwa Ikko, sa'an nan ku gwada shi bisa ma'aunin da ke gindin taswirar. Za ku sami wajen mil 390, watau kilomita 630. Jirgin sama na fasinja ya kan ci kamar mil 500 cikin sa'a guda in ya daidaita a sama. In aka raba, minti 47 ke nan.

To, amma tafiyar ta kan kai sa'a guda da 'yan mintoci. Ina ragowar ta fito? A nan ni ke so ku tsaya da yara, kada su zaci lissafi ya yi ƙarya. Jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Sai ya hau sannu sannu, ya kuma rage gudu tun daga nesa kafin ya sauka. Wani lokaci iska ta tare shi ta gaba, ko ya yi ta kewaya yana jiran iznin sauka.

Yaron Kauru kuwa, ku tambaye shi sa'a nawa mota ke yi daga garinsu zuwa filin jirgin Kaduna, ya tara da wannan. Zai ga tafiyar ƙasan ta fi ta saman daɗewa.